Bindigar Shanu a Bakin Iyaka

Akwai ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba: ranar da nake tsaye a ofishin duwan, wato kwastan na Nijar, riƙe da takardun kaya, na ji muryata tana tashi daga lasifika a waje tana kiran mutane su tanadi bindiga. Ku da kuke koyon rubuta talla a hannuna kun sha ƙorafin cewa ina tsananta muku a kan kalma guda. Ga asalin abin.

A shekarun aikin madatsar ruwa ta Bakolori ne, muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Na bar gidan rediyo, inda nake fassara labarai ina karanta su, na kama aiki da wani kamfani mai shigo da magungunan dabbobi, wanda ya buɗe ƙaramin ofis a Talata Mafara saboda kasuwar shanu. Muƙamina jami'in talla. A samana akwai manaja, wani Bature mai jin Hausa sama-sama. Tare da ni kuma akwai direba, Garba, ɗan gidan mahauta a garin. Ya girme ni, amma Malam yake ce mini, in kuma tsokana ta motsa masa ya ce Malam Rediyo. Aikina in rubuta talla in naɗe ta a kaset da muryata. Aikin Garba ya loda kaya a a-kori-kura mai lasifika a bisa, mu bi kasuwanni. Umarnin ofis gare shi ɗaya ne: duk inda ya ga shanu sun taru, ya kunna kaset.

Babban kayanmu maganin tsutsar ciki ne na shanu, wata farar ƙwaya mai tsawon ɗan yatsa. Ana ba da ita da wani bututun ƙarfe mai abin dannawa a gindi. A sa ƙwayar a bakin bututun, a zura shi a maƙogwaron saniya, a danna, ta wuce. Sunan da kamfani ya sa wa maganin babu makiyayin da ya iya faɗarsa. Su da kansu suka raɗa wa bututun bindiga, ƙwayar kuma harsashi. A kasuwar Damri na fara jin haka, kafin wani lokaci sunan ya kai Bakura, ya kai Kaya da Dosara. A harkar talla, idan masu saye suka raɗa wa kayanka suna, kyauta suka ba ka. Sai na gina tallar a kansa. Tana farawa da ƙarar katako biyu da muka buga, mai kama da harbi, sannan muryata ta shigo:

"Makiyaya, ku saurara. Maƙiyi ya shigo muku gida, yana cin dukiyarku ta ciki kuna barci. Kada ku jira kowa. Bindiga ta iso, harsashi ya iso. Kowa ya tanadi tasa."

Bayan wannan sai ɗan kiɗa, sannan bayani ya biyo: maƙiyin tsutsa ce, gidan cikin saniya ne, ga yadda ake ba da maganin. A Mafara da Maradun, da an ji ƙarar katakon sai a fara dariya ana nufo motar, don kowa ya riga ya ga bututun da idonsa.

Da kasuwa ta buɗe, manaja ya ce lokaci ya yi da za mu tsallaka Nijar. Mun yi shiri sosai, ba zan rage mana ba. Hoton da ke jikin kwalayen na wata saniyar Turai ce, baƙi da fari, ba tozo. Na ce masa makiyayin can zai ce maganin ba na irin shanunsa ba ne, aka sake hoton da jar saniya mai tozo da dogayen ƙahoni. Aka fassara takardar jikin kwali zuwa Faransanci. Aka mayar da farashi zuwa kuɗinsu. Aka nemo izinin shigar da maganin dabbobi. Da muka zo kan kaset, manaja ya tambaya ko yana buƙatar gyara. Muka saurara tare, muka ga Hausa ce, can ma Hausa ake yi. Na gyara gaisuwar ƙarshe da sunan kuɗi, sauran muka bar shi yadda yake.

Sai ku san yadda lokacin yake. Ba a daɗe ba da rikicin da ya ɓarke tsakanin manoman da aikin madatsar ya cinye gonakinsu da jami'an tsaro, inda aka rasa rayuka. Labarin ya tsallaka iyaka, ya kuma ƙaru a hanya. Duk wanda takardarsa ta nuna daga Talata Mafara ya fito, sai an sake dubansa. A can kuma soja ke mulki, kunnuwansu a buɗe suke ga duk wata magana mai kama da tunzura jama'a.

Muka tashi da sassafe, muka bi ta Sakkwato muka yi arewa, muka isa wani ƙaramin shingen kan iyaka wajen azahar. Ga waɗanda ba su taɓa tsallaka kaya ba, tsarin haka yake. A ɓangarenmu kwastan su duba kaya su buga hatimi, jami'an shige da fice su duba mutane. Sai a wuce wani fili da ba na kowa ba, a isa ɓangarensu. Can akwai duwan, wato kwastan ɗinsu, akwai jami'in dabbobi mai duba duk abin da ya shafi kiwo, sannan akwai jandarma, waɗanda tsaro ke hannunsu. Mai takardu shi ke shiga ofis, direba ya tsaya da mota. Na shiga. A gefen shingen akwai garken shanu da makiyaya suna jiran a duba su. Kafin in sauka Garba ya nuna mini su da haɓa, ya ce kasuwa ce ta biyo mu har nan, shi kuma ɗan mahauta ne, ba ya iya ganin ramammiyar saniya ya yi shiru. Na yi dariya na wuce.

Ina cikin nuna wa jami'in duwan izinin magani sai na ji ƙarar katakon nan. A cikin wannan wuri, tsakanin gine-ginen kwano, ba ta yi kama da katako ba ko kaɗan. Jami'in ya sunkuya bayan tebur. Sai muryata ta biyo baya, a nitse, kalma bayan kalma, yadda aka horar da ni. Ta kai "kowa ya tanadi tasa", sai ta yanke.

Da na fito, Garba yana kwance rub da ciki a ƙasa, bakin bindiga ta gaske a ƙeyarsa. Wani jandarma ya fizge kaset ɗin daga rikoda, zaren ya sarƙe ya tsinke daidai wurin kiɗan, ɓangaren bayanin ya lalace. Makiyayan sun fara kora shanunsu nesa da motar.

Shugaban wurin ajidan ne, muƙami a tsarinsu da ke sama da saje, ƙasa da hafsa. Dogo ne, mai furfura a gefen kai, mutumin yammacin ƙasar, ba ya jin Hausa sosai. Wani jandarma Bahaushe ke yi masa tafinta. Aka shigar da Garba ofishinsa, aka cire masa hula da takalma da ɗamara aka ajiye a kan tebur, aka zaunar da shi a ƙasa. Ni aka ce in tsaya a bakin ƙofa, a matsayin malamin takardun kamfani. Babu wanda ya san fiye da haka a kaina, don da jami'in duwan ƙasa-ƙasa na yi magana.

Aka buɗe kwalaye. Jami'in dabbobi ya karanta takardar Faransanci, ya jujjuya bututun, ya tabbatar magani ne. Na fara numfashi. Amma ajidan ya ce, ta bakin tafinta, shi ba yaro ba ne, ya ga ba bindiga ba ce. Ba kayan ne suka dame shi ba. Magani yana iya zama lulluɓi. Abin da ya dame shi saƙon da ke cikin kaset, da garin da motar ta fito. Ya sa aka ƙulla zaren aka kunna guntun da ya tsira, tafinta yana mayar masa da shi Faransanci kalma da kalma. Ina jin Faransanci kaɗan, na kuma ji yadda tallata ta koma. Maƙiyi a cikin gida. Kada ku jira kowa. Makamai sun iso. Ni da na rubuta ta, da a haka na fara jin ta, da na kama mai ita.

Ajidan ya aika a tambayi makiyayan abin da suka fahimta. Amsar ta ƙara dagula mana. Suka ce su ba su taɓa ganin wannan bututu ba, ba su san wata bindigar shanu ba. Sun ɗauka faɗan Najeriya ne ya biyo su.

Sai ajidan ya juya ga Garba ya yi tambaya ɗaya: muryar wa ce?

"Ranka shi daɗe, ni tuƙi anka ɗauke ni," in ji Garba. "Kaset anka ba ni, anka ce in kunna. Ban san mai magana ba."

Bai dube ni ba. Aka sake tambayarsa, ya maimaita. Ajidan ya ce to shi ke nan. Akwai motar jandarma da ke biyowa bayan la'asar tana kwasar waɗanda aka tsare zuwa babban bariki na jihar. Direba zai bi ta, ya zauna can har mai muryar ya zo da ƙafarsa. Ni kuma ina iya komawa in gaya wa kamfanina.

Kowa a lokacin ya san abin da ake faɗa game da wanda aka kai bariki da zargin tunzura jama'a. Ba kotu, ba ranar fita, ba wanda zai gaya wa iyalinka inda kake. Mutum mai muƙami yana iya samun wanda zai bi sawunsa. Direban kamfani kuwa sai yadda Allah ya yi.

Zan gaya muku abin da ya faru a jikina, don ku san yadda tsoro yake aiki. Bakina ya bushe har harshena ya manne. Hankalina kuma ya ci gaba da lissafi a tsanake, kamar ba nawa ba. Ya ce mini ƙofa a buɗe take. In na koma Mafara, manaja zai rubuta wa Sakkwato, Sakkwato ta rubuta wa Legas, wata rana a sako shi. In kuma na yi magana, ni ne mai saƙon, ni ne tsohon ma'aikacin rediyo, wanda ya fi direba dacewa da zargin. Duk wannan daidai ne. Sai dai ina kallon takalman Garba a kan tebur, na kasa ganin yadda zan shiga motarsa in tuƙa ta in bar shi.

Na ce, "Ni ne."

Abin da ya fito daga bakina wata siririyar murya ce mai karkarwa, wadda ni kaina ban san ta ba. Tafinta ya dube ni ya fassara. Ajidan ya sa aka sake kunna guntun kaset, ya saurara, ya ce in maimaita. Na maimaita, ta fi ta farko lalacewa. Ya girgiza kai. Ya ce mai muryar kaset babban mutum ne mai ƙirji, ni kuwa yaron ofis ne da ke son kare maigidansa, kuma wannan ya ƙara tabbatar masa akwai wanda ake ɓoyewa. Ya ce in na ƙara yi masa ƙarya, motar tana da wurin mutum biyu.

Kun ga inda na tsinci kaina. Sai na tabbatar da laifin a kaina kafin a saki Garba, tsoro kuma ya ƙwace mini abin da zan tabbatar da shi.

Na roƙi tafinta ya gaya masa cewa muryar rediyo ba a tsaye ake yin ta ba. A ba ni kujera, da tebur, da ruwa, da makirufon da ke cikin motarmu. Ajidan ya ɗaga hannu aka kawo. Na zauna, na sha ruwa, na dafa tebur da hannu biyu. Wanda ya horar da mu a gidan rediyo ya koya mana cewa ba a karanta wa taro, mutum ɗaya ake karanta wa, a kuma jawo numfashi daga ciki, ba daga wuya ba. Na nemi mutum ɗaya a ɗakin. Garba ne kawai. Ya ɗago kai, leɓensa da ƙasa, ya ce ƙasa-ƙasa:

"To, Malam Rediyo, a ba mu labarun duniya."

Wani jandarma ya zungure shi da takalmi. Amma wani abu ya saki a ƙirjina. Ban fara da tallar ba. Na fara da sallama, irin doguwar da muke buɗe shiri da ita, ina gaida masu saurare na gida da na daji. Kafin in kai ƙarshenta na ji muryar ta sauko inda take zama. Sai na shiga: "Makiyaya, ku saurara." Tafinta ya juya ya dubi rikoda, ya ga a kashe take.

Ban tsaya inda zaren ya tsinke ba. Na zarce da sauran daga ka, tsutsa, cikin saniya, yadda ake zura bututu, yadda ake hana dabba abinci kafin a ba ta. Da na gama, ajidan ya ce yanzu ya yarda ni ne. Don haka yanzu da ni zai yi magana.

Ya bi tallar jimla-jimla. Wane ne maƙiyi? Me ya sa ban kira shi tsutsa tun farko ba? "Kada ku jira kowa", wa nake nufi da kowa, gwamnati? Na ce ina nufin kada su jira saniya ta kwanta. Ya ce ba haka na faɗa ba. Gaskiyarsa ne. Ya tambayi dalilin barina gidan rediyo, ya tambayi ko ina da ɗan'uwa cikin manoman Bakolori. Na ce a Mafara babu wanda ba shi da wani a cikinsu. Wannan amsa ta daɗe a bakin tafinta kafin ya fassara ta.

Muna cikin haka na ji motar ta iso. Babbar mota ce mai rufin tamfol, direbanta bai kashe inji ba. Ta taga ina hango ƙafafun mutanen da ke zaune a bayanta, ba takalma. Ajidan ya fita, ya tsaya yana magana da jandarmomin da suka zo da ita. Ni da Garba ba mu dubi juna ba. Na karanta duk abin da na iya karantawa a zuci, na kuma lura ina tunanin abin banza, wai ban rufe tagar ɗakina ba.

Ajidan ya dawo, injin yana ci gaba da kuka a waje. Ya tambaye ni me ya sa sai na tsorata mutum kafin in sayar masa da magani. Na ce saboda haka ya fi saurin jawo shi. Tafinta ya fassara. Sai ajidan ya amsa da Hausarsa ta kansa, a karo na farko, a hankali:

"Nan ƙasar, in za a ba mutane tsoro, mu ke bayarwa."

Ya sa aka kawo sabon kaset daga motarmu, ya ce in naɗi wata tallar a gabansa, tafinta yana tace kowace kalma. Ba bindiga, ba harsashi, ba maƙiyi, ba ƙarar katako. Na ce ƙwayar tsutsa, na ce bututun ba da magani, na ce saniya mai ƙoshi ita ke ba da nono. Talla ce marar gishiri, kuma ban taɓa karanta wani abu da kulawa irin wannan ba. Ya saurara har ƙarshe, ya jefa tsohon kaset a aljihun teburinsa, ya leƙa taga ya yi wa motar alama ta wuce. Sai da ƙarar ta ɓace sannan ya ce a ba direba takalmansa. Kayan kuwa ba za su shiga a wannan karon ba, mu juya da su.

Da muka wuce shingen ɓangarenmu, Garba ya tsayar da mota a gefen hanya, ya ce ba zai iya riƙe sitiyari ba tukuna. Muka yi alwala da ruwan jarka muka rama la'asar. Bayan mun shafa, na tambaye shi me ya hana shi nuna ni, ga ni tsaye a bakin ƙofa.

"In na hwaɗi, mu biyu za a tahi da mu," in ji shi. "To wa zai koma shi gaya ma uwar ɗiyana inda nike?"

Na ce amma na tona kaina. Ya ce ya gani, kuma a lokacin ya so ya tashi ya mare ni, don na ɓata masa shiri.

Washegari na ba manaja rahoto. Ya fara da tambayar kaya, sannan ya saurari sauran. Daga baya mun koma Nijar da sabon kaset, aka bar mu muka shiga. Ciniki ya tafi a hankali, don sai da muka tsaya kasuwa-kasuwa muna nuna bututun a kan saniya kafin a yarda da shi. A Mafara kuwa har na bar kamfanin bindiga ake ce masa, ba wanda ya taɓa razana.

Abin da na koya shi ne, mun kai kowane kwali gaban jami'i an duba, mun fassara duk abin da ke cikin baƙon harshe, muka bar abin da ke cikin harshenmu ya tsallaka ba bincike, don mun ɗauka Hausa ɗaya ce ko'ina. Kalmomin ɗaya ne. Abin da mutane suka gani kafin su ji su ne ya bambanta. Na Damri ya ga bututu, na bakin iyaka ya ji labarin gawawwaki. Na kuma koyi cewa mai rubuta talla yana zaune a inuwa, wanda ke kai ta gaban masu bindiga kuwa direba ne, shi ake fara kwantarwa a ƙasa a kan maganar da ba shi ya tsara ba. Shi ya sa har na yi ritaya, duk tallar da za ta tsallaka iyaka, kafin manaja ya ji ta, sai na zaunar da direban da zai ɗauke ta na karanta masa. In ya ce akwai kalmar da ba zai so a tambaye shi ma'anarta yana kwance a ƙasa ba, sai in cire ta.